Filin Tambaya da Amsa: Yoga a Zauren Gidan Tarihi

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan abu guda suka taru: yin yoga, wato motsa jiki na miƙa gaɓoɓi da daidaita numfashi, a cikin gidan tarihi. Tun da hotunan mutane kwance kan tabarmin roba a tsakiyar manyan gidajen adana zane-zane na Turai suka fara yawo a wayoyi, masu karatu daga Sakkwato ke ta tambaya ko irin haka zai yiwu a gida. Mai aikin adana kayan tarihi da likitar fisiyo, wato ta gashi da motsa gaɓoɓi, ne suka haɗu suka amsa. Mun gajarce wasu wasiƙun.

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, muna da ƙungiyar mata 25 masu motsa jiki ran Asabar. Na ga ana yoga cikin gidan tarihi a ƙasashen waje, abin ya burge ni ƙwarai. Shin wanga abu na yiwuwa nan Sakkwato, kuma ta ina za mu faro? — Malama daga Mabera

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika gani ba haɗin kwamfuta ba ne. A shekarar 2024, gab da wasannin Olamfik na birnin Paris, gidan tarihi na Louvre ya riƙa buɗe ƙofa da sassafe kafin 'yan ziyara su iso, mutane na motsa jiki har da yoga a wani fili mai rufin gilashi da ke cike da sassaƙe-sassaƙen marmara. A Landan ma an sha yin ta a babban zauren gidan tarihin halittu, ƙarƙashin ƙwarangwal ɗin wata ƙatuwar dabbar teku da aka rataye a sama. Abin da hoton bai gaya miki ba shi ne yadda aka zaɓi wurin. Duka biyun wurare ne masu faɗi da dogon rufi, kayan da ke kusa kuwa ko dutse ne ko abin da hannu ba ya kaiwa. Marmara ba ruwanta da numfashin mutum talatin.

Mu kuwa dukiyarmu takarda ce da fata da tufa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu an san ta ne da rubuce-rubucen hannu na malaman Daular Usmaniyya da tsofaffin takardun mulki, kuma irin waɗannan kaya sun fi kowanne saurin jin jiki. Saboda haka yana yiwuwa, amma a farfajiya, ko baranda, ko zauren shiga, ko ɗakin taro. Ɗakin da littafi ko gafaka ko alkyabba suke a fili, kada ma ki roƙa. Ku yi motsa jikinku inda ba zai yi ɓarna ba, in gumi ya bushe ku sa takalma, ma'aikaci ya zaga da ku ciki. Mu wannan zagayen ne ya fi ba mu sha'awa, domin mata da yawa an haife su a garin nan sun tsufa ba su taɓa taka ƙofar gidan tarihi ba.

Su 25 ɗin nan ba za su shiga lokaci ɗaya ba. Ki tafi da tef ɗin awo. A ce zauren mita 10 ne a tsawo, 8 a faɗi, da kaya a jikin bango. Ki cire mita 1.5 daga kowane ɓangare, saura 7 da 5. Tabarmar yoga tana kai santimita 183 a tsawo, 61 a faɗi, kuma kowace mace na bukatar kamar mita 1.4 na faɗi don ta buɗe hannuwa. Mutum biyar ke nan a sahu, sahu biyu, a ɗan sassaɓa tabarmin don yatsu kada su riƙa karo. Goma, sai mai koyarwa ta tsaya ta wajen ƙofa. Dalilin mita ɗaya da rabin shi ne wanda ƙafa ta kwashe ba ya zubewa a inda yake tsaye, miƙewa yake yi iya tsawonsa. Idan akwai abin da aka ɗora kan dandamali a tsakar ɗaki, a ba shi mita 2. Ki shata iyakar a ƙasa da salatef na takarda, a ɓare shi a ranar, don in ya kwana biyu cikin zafi danƙonsa na maƙalewa.

Sai takardar neman izini zuwa ga shugaban wurin. Gidajen tarihin tarayya suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, na jiha kuma suna hannun gwamnatin jiha, don haka ki fara sanin mai wurin. Ki rubuta yawan mutane, rana da sa'a, ɗakin da kike so, wanda zai biya in an yi ɓarna, da abin da za a bai wa ma'aikacin da zai fito ranar hutunsa. Akwai kuma abin da masu shirya irin wannan ke mantawa sai ranar ta zo: gidan tarihi ba ya barin baƙi su kaɗai, kuma wasu ɗakunan suna da kyamarar tsaro. Tunda mata ne, ki nemi a ba ku ma'aikaciya mace, ki tambayi wa ke kallon kyamarar, a daidaita tun a takarda. Kada wata ta jefa gyale ta rufe kyamara da kanta. Wayoyi kuma a tara su a jaka ɗaya a bakin ƙofa.

Allah shi ƙara ma ku lafiya. Ɗiyata ta ce za ta shiga wagga yoga, ni kau na ji an ce bautar rana ce ta mutanen Indiya. Ku gaya man gaskiya, mi ke cikinta? — Dattijo daga Kanwuri

Amin, Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka a kan hanya take, kuma ba za mu rufe ka ba. Yoga daga Indiya ta fito, sunan ma na tsohon harshensu ne na Sanskirit, kuma a cikin addinan can ta tashi, musamman na Hindu. Wanda ya ce maka tun asali motsa jiki ce zalla bai faɗi daidai ba. Sai dai wadda ta bazu a duniya cikin ƙarni na 20, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni a shekarar 2014, galibinta miƙa gaɓoɓi ne da tsayuwa da daidaita numfashi. Wasu masu koyarwa na haɗawa da abubuwan ibada, wasu ba sa haɗawa.

Malaman wasu ƙasashe sun duba ta. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta, tana kafa hujja da ambaton ibada da ke cakuɗe a ciki. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta raba ta biyu: mai ɗauke da ambato da al'adun bauta haramun, wadda motsa jiki ce kawai ba laifi. A 2017 Saudiyya ta amince da ita a jerin wasannin motsa jiki. Hukunci na malamanmu ne, Baba, kuma Sakkwato ba ta rasa su ba. Namu shi ne mu nuna maka abin da za ka kai musu.

Abu huɗu za a bincika. Ko ana furta "Om" ko wasu kalmomi da ake ta maimaitawa. Ko ana yin jerin motsi 12 da suke kira Suriya Namaskar, wato gaisuwar rana, wanda shi ne tushen abin da ka ji. Ko ana haɗa tafin hannu a ƙirji a sunkuya wa mai koyarwa. Na huɗun ya fi shafar gidan tarihi: akwai zaman da ake durƙusawa a kai goshi ƙasa, kuma bai dace Musulmi ya yi shi a gaban sassaƙen mutum ko hotonsa ba, ko da zuciyarsa ba ta nufi komai ba. A ɓangaren lafiya, babu ko ɗaya cikin huɗun nan da jiki ke bukata. Miƙar da bayan mutum ke samu a zaman goshi-ƙasa, zai samu kusan irinta in ya kwanta rigingine ya rungumo gwiwoyinsa zuwa ƙirji. Ka tura mahaifiyarta ko yayarta ta zauna a zaman farko ta gani da idonta.

Ina aiki a wani ƙaramin ɗakin baje kayan gargajiya. Shugabanmu na son a fara irin wannan don jawo mutane da samun ɗan kuɗin shiga. Mutane ne kawai za su kwanta su tashi, ba su taɓa komai. Mi zai lalace? — Ma'aikaci, cikin gari

Malam, hannu shi ne ƙaramin abin tsoro. Babban shi ne ruwan da ke fita daga jikin mutum ba a gani. Mai motsa jiki a hankali yana zubar wa iska kusan giram 100 na ruwa a awa ɗaya, ta numfashi da gumi. Mutum 15 sun ba ka lita ɗaya da rabi, kamar ka fasa ledar fiyawata uku ka bar su su bi iska. Ɗaki mai mita 10 da 8 da tsayin 3.5 yana ɗauke da iska mita-kubik 280, kuma a zafin digiri 30 kowane mita-kubik ba ya iya riƙe fiye da kusan giram 30. Ka buga lissafin: in ƙofa da tagogi na rufe, danshin ɗakin na iya tashi da kashi goma sha wani abu cikin awa guda. Ga zafi kuma. Kowane mutum na fitar da wat 100 zuwa 150, su 15 kamar an kunna dutsen guga biyu an bari.

Ƙa'idar da manyan gidajen tarihi da yawa ke bi ita ce danshi tsakanin kashi 40 da 60 cikin 100, zafi tsakanin digiri 16 da 25, kuma kada danshin ya yi tsalle fiye da kashi 10 cikin awa 24. Mun san digiri 25 a Sakkwato cikin Afrilu sai mai wutar da ba ta ɗaukewa. Amma sharaɗin ƙarshen nan yana hannunka, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Kayan da suka shekara da shekaru a garin nan sun saba da bushewarsa. Abin da ba sa jurewa shi ne hawa da sauka na gaggawa. Fata, itace, ƙwarya da takarda duk suna shan danshi su kumbura, su sake shi su tsuke. Da hunturu, lokacin da danshin waje ke sauka ƙasa da kashi 20, gafakar da ta bushe ƙayau za ta sha numfashin jama'arka da safe, kafin azahar ta sake bushewa. Yau ba ka ga komai ba, gobe ma haka. Bayan watanni sai ka ga fatar ta tsattsage a wajen lanƙwasa, akushi ya dare daga baki, fatar tambari ta saki ko ta yage a bakin ɗinki, gefen takarda ya nannaɗe. Da damina kuma matsalar daban ce: Agusta danshi ya riga ya yi sama, ka ƙara masa na mutane ya wuce kashi 65 zuwa 70 ya zauna, fumfuna ta samu gida. A kan jar fatar akuyar nan tamu da aka jeme da bagaruwa, fari-fari take fara fitowa kamar an barbaɗa gari, sau da yawa ta bayan kayan inda ido ba ya zuwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tayar da janareta a kunna esi don baƙi, su tafi a kashe. Wannan ya fi rashin esi ɗin illa, domin ka ƙirƙiro tsallen da kanka, zafi da danshi duka. Fanka ta fi sauƙi, amma kada ta fuskanci kaya, kuma kada a kunna ta a ɗakin da ba a goge ba. Janaretan ma a kai shi nesa, inda iska ba ta koro hayaƙinsa ta taga.

Turaren wuta da kyandir, a'a, ko da masu yogar sun ce suna sa natsuwa. Ban da haɗarin gobara, hayaƙin na kwanciya kan tufa da takarda ya bar maiƙo mai kama ƙura, kuma ba ya gogewa. Turaren fesawa a fesa tun a gida. Ruwan sha a bakin ƙofa daga waje, domin tawadar da aka haɗa da ƙaro da ruwa take narkewa, duk wanda ya taɓa wanke allo ya sani, ɗigo ɗaya ya isa ya tafi da layi. Dabino, goro, biskit, zoɓo, kada su shigo, ɓurɓushinsu ne ke gayyato kyankyaso da ɓera. Kada a ɗage labule don hoto ya yi kyau. Tufa da takarda hasken lus 50 kawai ake ba su a ma'aunin haske, wato dishi-dishi, alhali ranar da ta faɗo ta taga tana kai dubbai, kuma launin da rana ta ci ba ya dawowa. Tsalle da buga ƙafa a hana, musamman a bene, don ƙaramin abu a kan kantar gilashi yana matsawa kaɗan-kaɗan har ya iso baki. Tabarmin ma kada su kwana a ɗakin ko a ma'ajiya: wasu irin roba na fitar da tururin farar wuta mai baƙanta azurfa.

Kafin ku ce eh, ku sayi ƙaramar na'urar auna zafi da danshi, irin mai batir. Ku ajiye ta a tsayin kayan, nesa da ƙofa, ku rubuta abin da ta nuna safe, rana da yamma har mako biyu. Sannan ku gwada da mutum biyar. Ku duba kafin a fara, da an gama, da bayan awa biyu. In danshi ya yi tsalle fiye da kashi 10, ko ya haura 65, ɗakin ya ba ku amsa, ku koma baranda. Ka kai wa shugabanku wannan takarda ta awo, ta fi dogon bayani.

Dole sai na sayi tabarmar roba? Ina da dadduma da tabarmar kaba. Kuma wane kaya ake sawa? — Ɗaliba daga Gawon Nama

Ƙanwarmu, a kan tayil ko tarazo dadduma da tabarmar kaba duk zamewa suke yi, kuma da kin buɗe ƙafafu za su tafi da ke. A kan siminti mai kaushi tabarmar kaba na iya zama, sai dai tana cin gwiwa da gwiwar hannu. Ki nemi ta roba mai kaurin milimita 4 zuwa 6. Wadda ta kai 10 ko fiye daɗin kwanciya gare ta, amma ƙafa na nutsewa a ciki, tsayuwa ta yi wuya. Sabuwa ki shanya ta a inuwa kwana uku warin ya fita. Wanki da ruwa da ɗan sabulu, a gida. Ba a yi da safa, kuma kada ki shafa mai a tafin ƙafa da tafin hannu a safiyar, ko da hunturu ne.

Wando mai faɗi da riga mai sauka ƙasa da ƙugu. Zani buɗewa yake yi. Dogon hijabi yana shiga ƙarƙashin gwiwa, ki yunƙura ya fizgi wuyanki, don haka ƙarami mai kama fuska, ba mai fil ba. Awarwaro da zobe a bar su a gida, suna karce gilashi.

Ni malamin motsa jiki ne a sakandare, an ce in jagoranci maza 'yan uwana. Ku tsara man abin da za a yi cikin minti 45 a irin wanga wuri. — Malam daga Runjin Sambo

Malam, abin da ya dace da gidan tarihi shi ne mai taushi, wanda yawancinsa a ƙasa ake yi. Ka fara da minti 5 a zaune. A ja numfashi ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake shi ana ƙirga shida, ciki ya riƙa tasowa yana komawa, kafaɗu na kwance. Zai ba da numfashi kusan shida a minti. Kada a riƙe numfashi. Wanda ya ji kansa na juyawa ya ja da ƙarfi ne fiye da kima, ya koma numfashinsa na kullum.

Minti 8 na gaba ɗumama gaɓoɓi ne: juya kafaɗu baya sau 10, wuyan hannu da idon sawu, karkatar da kai dama da hagu ba tare da mirgina shi zagaye ba. Sai a durƙusa kan hannuwa da gwiwoyi, tafin hannu daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa daidai ƙarƙashin ƙugu. Da jan numfashi a saki ciki ƙasa a ɗaga ƙirji, da sakinsa a tura baya sama ya yi doro kamar kyanwar da ta tashi daga barci. Sau 8.

Tsaye, minti 10. A buɗe ƙafafu kamar mita ɗaya, ƙafar dama ta dubi gefe, a lanƙwasa gwiwarta, hannuwa a miƙe daidai kafaɗa, a tsaya numfashi biyar, a juya hagu. A nan idonka ya tsaya kan gwiwa. Ta zauna daidai saman idon sawu, tana duban yatsan tsakiya. In ta faɗo ciki, jijiyar gefen gwiwa ce ke ɗaukar nauyin, kuma ita ce za ta yi ciwo washegari. Sai sunkuyo rabi, hannuwa kan cinya, baya a miƙe, gwiwa a ɗan sake. Maza masu zaman ofis ko tuƙi bayan cinyarsu a ɗaure yake, in suka dage sai sun taɓa ƙasa ƙugu ne ke biya. Tsayuwa da ƙafa ɗaya, da kowace irin tsayuwa da ka ko da hannu, ka bar su sai a fili.

Kwance, minti 12. Rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, a ɗaga ƙugu sama numfashi biyar, sau uku, kuma kada a juya wuya ana sama. A saƙala rawani ko bel a tafin ƙafa ɗaya a ɗaga ta miƙe, daƙiƙa 30 kowace. A kwantar da gwiwoyi biyu dama, kafaɗu na manne da ƙasa, sannan hagu. A rungume gwiwoyi. Minti 5 hutu shiru. Wajen tashi a mirgina gefe, a zauna, a ƙirga goma kafin a miƙe, domin jini na taruwa a ƙafafu in an zabura, kuma nan ne aka fi samun mai jiri, daidai lokacin da kowa ya saki jiki. Minti 5 da suka rage a naɗe tabarmi a fitar da su.

Ka gaya musu tun farko: jan tsoka mai ɗan zafi-zafi daidai ne, amma suka a cikin gaɓa, ko tsirawa mai sauka ƙafa, ko mutuwar yatsu, alamar a tsaya ce. Kuma kada ka danna bayan kowa da hannunka don ya ƙara sauka.

Shekaruna 58, ina da hawan jini da ciwon gwiwa. Surukata na da ciki wata biyar, jikana kuma sikila gare shi. Duk muna iya zuwa? — Hajiya daga Arkilla

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya sauki surukarki lafiya. Ke kina iya zuwa in jinin na kan magani kuma ya daidaita. Ki sha maganinki yadda kika saba, ki auna kafin ki fito. In ya kai 180 bisa 110, ba ranar motsa jiki ba ce, ranar ganin likita ce. Ki guji duk abin da zai sa kanki ya yi ƙasa da ƙirji ya daɗe, da riƙe numfashi ana yunƙuri, don yana harba jini sama nan take. Mai hawan jinin ido ma wannan dokar ta hau kansa, har ta fi tsanani. Saboda gwiwa, ki nemi kujera mai ƙarfi marar taya, a sa ƙafafunta huɗu a kan tabarma don kada ta zame. Numfashi, miƙa hannu, juya ƙugu, ɗaga ƙafa, duk ana yi a zaune. Kada ki tilasta wa kanki tanƙwashe ƙafa ko zama kan dunduniya.

Surukarki ta fara tambaya a wajen awo. In sun yarda, ban da kwanciya rubda ciki, ban da murɗa ciki sosai, kuma a wata biyar kada ta daɗe rigingine, domin nauyin mahaifa na danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya. Hutunta a gefen hagu, da matashi tsakanin gwiwoyi.

Jikanki kuwa abokan gabarsa ƙishirwa ne da zafi mai tsanani da sanyi da gajiya. Dokar hana ruwa a ɗaki kada ta hana shi sha: a ba shi tabarmar da ke bakin ƙofa ya riƙa fita yana kurɓa. Da hunturu tarazo sanyi gare shi kamar randa, a ƙara masa bargo a ƙarƙashi. Ranar da ya tashi da ciwon gaɓa ko zazzaɓi, ya zauna gida. Shi ma likitansa ya sani tukuna.

Wane lokaci ya fi? Kuma da azumi fa? — Mai karatu daga Tudun Wada

Ƙarfe 7 na safe, a gama kafin 8. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 da rana, ku duba ma'auni: in ɗaki ya kai 30 a rage zuwa rabin awa a zaune da kwance, in ya wuce 32 shawararmu a ɗage. A sha ruwa kofi biyu awa ɗaya ko biyu kafin a zo, abinci mai nauyi kuma a ba shi awa biyu zuwa uku. Mai ciwon suga da ke shan magani ya ɗan taɓa wani abu a gida, ya bar dabino a jakarsa a waje. Da hunturu kada a share da tsintsiya da safen, ƙurar za ta tashi ta sauka kan kaya da huhun mai asma. A goge da tsumma mai ɗan laima tun jiya da yamma. Da azumi ku ba gidan tarihin hutu, kowa ya yi minti 15 a gida bayan Tarawihi.

In tsautsayi ya sa wani ya ture abu ya fashe fa? — Matashi daga Minanata

Ɗan'uwa, a fara duba mutumin, musamman in gilashi ne, tunda kowa ba takalmi. Sauran su tsaya cik a kan tabarminsu, a miƙo musu takalma, su fita ɗaya bayan ɗaya ta nesa da wurin. Kada kowa ya tsinci gutsuren, kada a gwada haɗa su a ga ko za su zauna, domin bakin fashewar na ƙara marmashewa. Ma'aikaci ya ɗauki hoto yadda abin ya faɗi, sannan ya kwashe har ƙananan ɓarɓashi, kowane yanki a naɗe daban cikin takarda mai laushi, a rubuta rana da sa'a da lambar kayan. Gam mai kamawa nan take da salatef su ne ke mayar da ƙaramar ɓarna babba: gam ɗin na shiga jikin tukunya ko itace ya ƙi fita, salatef kuma na barin rawayan tabo a takarda, in an zo ɓare shi ya taho da rubutun. In ruwa ne ya zuba a takarda, kada a goga, kada a kai rana, kada a sa dutsen guga. A bar ta kwance, a kira mai adanawa nan take. Don gudun musu, ma'aikaci da mai koyarwa su zaga ɗakin tare kafin a fara da bayan an gama, su ɗauki hoton kowane ɓangare, su sa hannu a littafi ɗaya.